ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI: LIKITAN MUSULMI DA YA YI GARGAƊI KAN JINKIRI A CIWON DAJIN MAMA

 

 A wannan fitowar, filinmu na tarihin magabata zai kai mu nesa, har ƙasar Andalus, amma dalilin tafiyar a cikin gidajenmu yake. 'Yar uwa, ko a Kazaure kike, ko Roni, ko Gwiwa, ko Ɓaɓura, da wuya a ce ba ki taɓa jin labarin wata baiwar Allah da ciwon mama ya yi ajalinta ba. Kuma kusan hanya ɗaya labarin yake bi. Za ta ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo, sai ta yi shiru. Bayan watanni ya kai girman goro, a ce ai yaro ne ya yi mata gyatsa a nono, a kawo na shafawa. In ya ƙi, a ce daji ne, ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Sai ya fashe yana wari, sannan a nemi mota a nufi Kano.

To, shekara dubu da suka wuce an yi wani likita Musulmi wanda ya zauna ya rubuta abin da idonsa ya gani game da wannan ciwo, ya bambanta wanda ake iya cirewa da wanda ya riga ya fi ƙarfin likita. Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi. Shi ne baƙonmu na yau.

GARINSU DA ZAMANINSA

An haifi Zahrawi wajen shekarar 936 miladiyya, wato kusan 325 bayan hijira. Idan kika lissafa, za ki ga ya riga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa duniya da sama da shekara 800. Ana jingina shi ga Madinatuz Zahra, wani birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na uku ya fara ginawa a daidai wannan lokacin, kimanin kilomita 8 yamma da Kurɗuba, a kudancin ƙasar da yau ake kira Sifen. Daga sunan birnin ne ya samo laƙabinsa. Ana kuma ce masa Al-Ansari, saboda ana danganta zuri'arsu ga mutanen Madina.

Kada nisan wurin ya sa ki ɗauka baƙin mutane ne a gare mu. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, kuma mazhabar Imamu Malik suke bi, irin tamu. Kurɗuba ita ce garin Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, kuma a nan aka haifi Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukanmu da Islamiyyoyinmu. Har rubutun allon da yaranmu suke yi, da ɗigon fa'un a ƙasa, daga can ɓangaren Magrib da Andalus ya gangaro mana.

A zamanin Zahrawi, Kurɗuba tana cikin manyan biranen duniya. Halifa Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai tsananin son littattafai, yakan aika wakilai har Bagadaza da Misra su sayo masa, har marubuta tarihi suka ce ɗakin karatunsa ya tara littafi wajen 400,000. A wannan fadar ne ake ambaton Zahrawi a matsayin likita. Ya karanci abin da likitocin Girka na dā suka bari, wanda aka riga aka fassara zuwa Larabci, ya karanci na Musulmi irin su Ar-Razi, sannan ya shafe kimanin shekara 50 yana duba marasa lafiya da hannunsa, yana koyar da ɗalibai.

LITTAFIN DA YA BARI

Wajen shekarar 1000, bayan ya manyanta, ya kammala littafinsa mai suna At-Tasrif Liman Ajaza Anit Ta'lif. Manufar sunan ita ce, littafi ne da zai wadatar da wanda ba shi da halin tattara littattafai da yawa. Ya kasa shi kashi 30. Kashi na farko ya yi bayanin ginshiƙan ilimin likitanci, na biyu ya bi cututtuka tun daga kai har ƙafa da alamominsu. Mafi yawan sauran sun tafi ne a kan magunguna, yadda ake haɗa su, da abincin mai lafiya da na majinyaci. Har akwai kashi guda da ya ware wa kayan ƙamshi da gyaran jiki, irin su turare da maganin gashi da na warin baki da na hamata, domin a wurinsa tsafta da kwalliya ma reshen kiwon lafiya ne.

Amma kashi na 30, wato na tiyata, shi ne ya ɗaukaka sunansa. Ya raba shi gida uku, kuma in kika duba za ki ga sana'o'in da muka sani ne. Na farko a kan magani da ƙarfe mai zafi, irin abin da muke kira lalas da sakiya. Na biyu a kan yanka da tsaga da ƙaho da ɗinkin rauni da karɓar haihuwa. Na uku a kan ɗori da gyaran targaɗe da gocewar ƙashi. Bambancinsa da wanda ya gāji aska kawai shi ne, shi ya rubuta komai, ya faɗi inda jijiya take, ya faɗi abin da ya gwada ya yi kyau da wanda ya gwada bai yi ba. Daɗin daɗawa ya zana hoton kayan aiki kusan 200, almakasai da ƙugiyoyi da asake da hantsaki, domin ɗalibi ya kai wa maƙeri a ƙera masa. Ya yi bayanin ɗinke hanji da zaren da aka murza daga hanjin dabba, irin zaren da jiki yake narkar da shi da kansa. Ya yi bayanin ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinare. Haka kuma ya ba da labarin wasu mutane a wani ƙauye waɗanda mazansu jini ba ya tsaya musu in sun ji ɗan rauni har sai sun mutu, wanda yana cikin bayanai na farko da aka rubuta a kan wannan cuta ta gado.

Yakan kira ɗalibansa da 'ya'yansa, kuma tun a gabatarwar kashin tiyata ya ja musu kunne cewa duk wanda bai san ginin jikin ɗan Adam ba, kada ya kuskura ya ɗauki aska. Ya kawo musu misali da abin da ya gani da idonsa, inda wani jahilin likita ya tsaga wa wata mata kumburi a wuya, ya yanke mata jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta faɗi ta mutu a gabansa. 'Yar uwa, ki riƙe wannan labarin, domin har gobe ana kai mata wurin masu tsaga ƙari ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashin fata ba.

KULAWARSA DA LALURAR MATA

Zahrawi ya san halinmu sarai. A babin da ya yi magana kan cire tsakuwa daga mafitsarar mace, ya nuna cewa aikin yana da wahala, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne mace mai kamun kai ba ta yarda ta buɗe jikinta ga likita namiji, ga shi kuma mata masu ilimin tiyata sun yi ƙaranci ƙwarai. Bai ce a bar matar ta mutu da kunyarta ba. Shawarar da ya bayar ita ce a nemo likita mace in akwai, in babu a samo ungozoma ƙwararriya, likita yana gefe yana gaya mata abin da za ta yi.

Saboda haka ne ya ware babi guda don koyar da ungozomomi yadda za su yi idan haihuwa ta zo da gardama, alal misali ɗa ya zo ta ƙafa ko ya fito da hannu, da wani babin kan fitar da ɗan da ya mutu a ciki, da wani kan mabiyiya idan ta ƙi faɗowa. Ya kuma ba da labarin wata mata da ciki ya mutu mata har sau biyu bai fita ba, bayan wani dogon lokaci cibiyarta ta kumbura ta fashe tana mugunya. Yana cikin yi mata magani sai ya ga ƙashi ya fito, bayan kwanaki wani ya sake fitowa. Abin ya ba shi mamaki, tunda ya san babu ƙashi a wannan wurin, sai ya gane ƙasusuwan ɗan da ya mutu ne. Ya bi ya ciro su, matar ta tashi ta rayu shekaru. Likitocin yau suna lissafa wannan cikin bayanai na farko game da cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

ABIN DA YA RUBUTA KAN CIWON DAJI

Larabawa suna kiran wannan ciwo saraɗan, wato ƙaguwa, kamar yadda Girkawa suka kira shi tun kafinsu, domin ƙarin yakan kafe ya miƙa jijiyoyi ta kowane gefe kamar ƙafafun ƙaguwa. Mu kuma muka ce masa daji ko sankara, 'yan boko su ce kansa.

Zahrawi ya taɓo shi a wuri biyu cikin kashin tiyata. A ɓangaren ƙarfe mai zafi, ya ambaci cewa wasu likitoci suna ƙona tsakiyar ƙarin, amma shi bai yarda da haka ba, domin ya sha ganin wurin ya zama gyambo. Ki lura da wannan da kyau, ke da ake ba ki shawarar a yi sakiya ko a ɗaura magani mai cin fata.

A ɓangaren yanka kuma, ya kafa sharuɗɗa. Na farko, ciwon ya kasance a wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, ya kuma ba da misali da mama da cinya. Na biyu, ya kasance sabo ne, ƙarami. Idan waɗannan sun cika, to a kewaye shi da yanka, a haɗa da fatar da ke kansa, a bi shi sosai kada a bar ko ɗan saiwarsa. Idan kuwa ya daɗe ya girma, sai ya hana ɗalibansa taɓa shi, ya kuma faɗa musu dalili ƙarara: shi kansa bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuma ga wanda ya taɓa warkar da shi ba.

Tsaya ki yi tunani a nan, 'yar uwa. Wannan fa shi ne babban likitan tiyata na zamaninsa, mai shiga fadar halifa, ga shekara 50 a kan aiki. Da ya so, da ya yi shiru a kan gazawarsa, ba mai tuhumarsa. Amma ya rubuta ta a littafin da ya san ɗalibai za su karanta bayan ransa. Yau kuwa sai ki ji mai magani a bayan mota da lasifika a ranar kasuwa yana rantsuwa cewa ƙullinsa ɗaya yana kashe daji kowane iri cikin mako guda. Tsakanin mutum biyun nan, wa ya fi cancanta ki ba amanar ranki?

RASUWARSA DA TAFIYAR LITTAFINSA

Ƙarshen rayuwar Zahrawi ya zo daidai da lokacin fitina a Andalus. Rikicin sarauta ya ɓarke a 1009, aka washe Madinatuz Zahra aka ƙone ta, birnin da bai cika shekara 80 da ginawa ba. Shi kuma Allah Ya karɓi ransa wajen shekarar 1013, wato 404 bayan hijira, yana da kimanin shekara 77. Babban malamin nan Ibnu Hazmi, wanda ya taso a Kurɗuba a ƙarshen zamaninsa, ya lissafa shi cikin abin alfaharin Andalus, ya yabi littafinsa. Daga baya ɗalibin Ibnu Hazmi, wato Al-Humaidi, ya sa shi cikin littafinsa na tarihin malaman ƙasar.

Fadar ta zama kufai, ƙasa ta binne ta, sai a 1911 aka fara tono ta. Amma littafin bai tsaya ba. A birnin Ɗulaiɗila, wani malami ɗan Italiya mai suna Jirad na Kiremona, wanda ya mutu a 1187, ya fassara kashin tiyata zuwa Latin, harshen ilimi na Turawa a lokacin. Bakinsu bai iya faɗin Abul Ƙasim ba, sai suka mayar da shi Albukasis. A 1363, babban likitan Faransa Gi de Sholiyak ya rubuta littafinsa na tiyata, inda ya kafa hujja da Zahrawi sama da sau 200. A 1465, wani likita Baturke mai suna Sharafuddin, a garin Amasiya, ya rubuta littafin tiyata da harshensu bisa tsarin na Zahrawi, ya ƙawata shi da zane-zane, har da na mata likitoci suna yi wa 'yan uwansu mata aiki. Da injin ɗab'i ya zo, an buga kashin haɗa magunguna a birnin Banis a 1471, aka buga na tiyata a 1497. An sake buga shi da Larabci da Latin a Okusfod ta Ingila a 1778, aka fassara shi zuwa Faransanci a 1861, zuwa Ingilishi kuma a 1973. Wato kusan shekara 500 ana koyon tiyata a Turai da littafin wannan bawan Allah. Har yanzu akwai titi mai sunansa a tsohon garin Kurɗuba.

ABIN DA AKA GYARA BAYANSA

Ba don muna ƙaunarsa za mu ce komai ya faɗa daidai ne ba. Zahrawi ya bi ra'ayin likitocin dā cewa wani baƙin ruwa ne da yake taruwa a jiki yake haddasa daji, shi ya sa yake ba da maganin wanke ciki kuma a zubar da jini kafin aiki. Wannan ba haka yake ba. A zamaninsa babu madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani, babu allurar barci, wadda sai a 1846 aka fara tiyata da maganin sa barci a bainar jama'a, babu kuma sanin ƙwayoyin cuta.

A 1838, wani Bajamushe mai suna Yohanas Mula ya duba ƙari a ƙarƙashin madubin likita, ya nuna cewa tarin ƙwayoyin halitta ne irin waɗanda aka gina jiki da su. Ɗalibinsa Rudolf Firko ya faɗaɗa wannan ilimin a littafinsa na 1858. Daga nan aka gane cewa daji ba baƙon abu ba ne da aka jefo wa mutum. Ƙwayoyin jikinsa ne suka daina bin ƙa'ida, suna ta hayayyafa ba tsayawa, in an bar su su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa hamata, su bi jini zuwa ƙashi da hanta da huhu. Kin ga dalilin abin da Zahrawi ya lura da shi ke nan: ƙarami yana nan wuri ɗaya, a cire shi a huta, wanda ya daɗe kuwa ya riga ya aika 'ya'yansa gaba.

Wannan ne ya haifar da wani reshe na likitanci, na masu binciken tsoka a ɗakin gwaji. Su ba sa zama da majinyaci, amma hukuncinsu ake jira. Likita zai ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki daga ƙullutun da wata allura, a sa a ruwan magani, a daskarar da shi cikin kakin zuma na musamman, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, sannan a duba. A nan ake sanin daji ne ko ba shi ba ne. A 1957, likitoci biyu a Landan, Bulum da Ricadsan, suka fito da hanyar kasa dajin mama daraja uku gwargwadon zafinsa, aka inganta ta a birnin Notingam a 1991. Haka kuma gwaji yana nuna ko ƙarin yana cin abinci ne daga sinadarin jikin mace, wanda in haka ne akwai ƙwayar magani irin tamoksifen da ake sha shekaru don a toshe masa hanya. Bugu da ƙari, binciken da aka wallafa a Amurka a 1985 ya tabbatar da cewa idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai tare da gashi da na'ura yana ba da sakamako daidai da cire maman gaba ɗaya. Ma'ana, wadda ta zo da wuri tana iya tsira da ranta, sau da yawa har da mamanta.

Duk da wannan ci gaba, sharaɗin Zahrawi na zuwa da wuri bai tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano dajin mama a jikin mata miliyan 2.3, kuma 670,000 suka rasu. A Nijeriya, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sama da mata 32,000 sun kamu, sama da 16,000 sun rasu, kuma shi ne dajin da ya fi kowane yawa a ƙasar. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan gano ciwon. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da ake isa asibiti, da samun magani a kammala shi.

ABIN DA YA RAGE GARE KI

To uwargida, me za ki ɗauka daga tarihin wannan bawan Allah?

Na farko, ki san jikinki. Allah Ya hore mana lokaci mai sauƙin tunawa, wato bayan ɗaukewar al'ada, lokacin wankan tsarki, sa'ad da mama ya saki. Ki shafa kowane ɓangare da tafin yatsunki, har cikin hamata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya a wata, kamar ranar ganin wata. Abin da za ki lura da shi: ƙullutu ko da ba ya ciwo, kan mama ya shige ciki, ruwa ko jini yana fita ba shayarwa kike ba, fata ta lotsa ko ta yi ƙofofi kamar ɓawon lemo, ƙaiƙayi ko gyambo a kan mama da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a hamata. Rashin ciwo shi ne yake yaudarar mata da yawa, alhali dajin mama a farkonsa galibi ba ya ciwo.

Na biyu, in kin ji wani abu, kada ki wuce mako. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, su tura ki Babban Asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura, in akwai bukata a tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake hoton mama da gwajin tsoka. Ki kwantar da hankalinki, mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba daji ba ne, musamman ga masu ƙuruciya. Amma yatsa ba ya bambancewa, madubin ɗakin gwaji ne yake bambancewa. Maganar cewa daji ba ya son allura kuwa, asalinta shi ne ana kai mata ne bayan ciwo ya gama bin jiki, in suka rasu sai a ɗora wa allurar laifi. Mai shayarwa ma, in kumburi ya ƙi bajewa bayan an sha magani, ta koma a sake dubawa.

Na uku, maganar kunya. Kunya ado ce ga mace, kuma tana cikin imani, amma Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, ciwo kuwa ba shi da kunya. Malamanmu sun yi bayani cewa lalura tana halatta likita ya duba gwargwadon bukata, tare da muharrami ko wata mace a wurin. Ki nemi ma'aikaciya mace in akwai, in babu kada ki koma gida. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ki yi addu'a, ki yi tofi, ki yi sadaka, sannan ki hau mota. Ki kuma karanta wa maigida wannan shafi, domin izini da kuɗin mota da ƙarfafa zuciya daga wurinsa suke farawa, kuma matar da aka yi wa aiki ta fi kowa bukatar ya riƙe ta da mutunci.

Na huɗu, ki ci gaba da shayarwa yadda Alƙur'ani ya kwaɗaitar, har shekara biyu ga mai iko. Wani babban nazari da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin dajin mama da kimanin kashi 4 cikin 100. Ragewa ce, ba katanga ba, don haka mai 'ya'ya goma ma ta riƙa dubawa.

Na ƙarshe, kukan da Zahrawi ya yi na ƙarancin mata likitoci, shekara dubu ke nan ba mu share masa hawaye ba. Ba zai yiwu mu ce ba ma son namiji ya duba mu, sannan mu cire 'ya'yanmu mata daga makaranta ba. Yarinyar da take zuwa Islamiyya da yamma, ta je boko da safe, ita ce gobe za ta zauna a ɗakin awo a Roni ko Gwiwa, ko ta zauna a gaban madubi a ɗakin gwaji tana tantance ciwon uwayenta. Haka nan a rassan ƙungiyarmu, kamar yadda muke adashin biki da suna, ya kamata mu ware wani abu domin 'yar uwar da aka tura Kano gwaji ba ta da kuɗin mota. Mu kuma riƙa gayyato ma'aikaciyar lafiya mace zuwa wajen ta'aliminmu ta koya mana dubawa da hannu.

Allah Ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Ya sa abin da ya rubuta ya zame masa sadaka mai gudana. 'Yan uwanmu da suke kwance da wannan ciwo, a gida ko a asibiti, Allah Ya ba su lafiya, Ya sa kaffara ne. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya gafarta musu, Ya raya abin da suka bari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.